Farin Yadin da Baraka Ta Aiko Daga Makka

Utaibiyya, Makka, watan Muharram

Zuwa ga ɗana Mukhtaru ɗan Dawuda, a Garin Baushe.

Bayan sallama, ina gaishe ka, ina gaida matarka Sa'adiya da yaran nan da ban san fuskokinsu ba sai sunaye. Ni lafiya lau, in ban da gwiwa, ita kuwa tun da muka sauko daga Mina take ta yi mini tsegumi. Malam Lurwanu mai rubuta wa mutanenmu takarda shi ke riƙe da alƙalami, ni baki kawai na kawo.

Alhazai sun ce wai yanzu ƙasarmu jamhuriya ce, an kafa gwamnatin 'yan ƙasa, kai kuma an ɗaga ka daga komi, ƙaramin akawu, an yi ka sakatare. Na tambaya ko Nasara ya tafi, suka ce yana nan zaune a biro, wato ofishinsa, sai dai yanzu in zai yi magana sai ya dubi fuskokinku tukuna. To, ko wannan ma wani abu ne. Ni da na baro garinmu ran da gardi, dogaran Nasara, suka zo neman mijina Rabe ya je fasa dutsen hanya. Da jaki ɗaya muka fito, muka bar ka goye a bayan uwarka, hanci duk majina. Mun daɗe muna tsinkar auduga a gonakin Jazira kafin mu ga teku a Sawakin. Ban taɓa zaton zan rayu in ji ɗan yayana yana zama inda ake yanke magana ba. Na faɗa wa duk matan gidanmu, har da Balarabiyar da ke sayen gyaɗata. Na ɗan ƙara gishiri, Allah ya yafe mini.

Amma bana alhazan ƙasarmu sun ba ni mamaki. Kowace shekara tanti ɗaya nake dafa musu a Mina, ƙwaryar fura ɗaya ke zagayawa. Bana sai ga su sun rabu biyu tun daga ƙuri'ar bara, wai waɗannan 'yan I ne, waɗancan 'yan A'a. Duk suna cikin ihrami, kai a buɗe, amma wannan ba ya karɓar ludayi daga hannun wancan. Na ce musu Shaiɗan ɗin da suka zo jifa yana can a tsaye, su adana tsakuwarsu. Garba mai goro, ɗan ƙanen Rabe, ya ce ba zan gane ba, wai A'a ita ce Nasara ya naɗe tabarmarsa yau, I kuwa a ƙara zuba masa shayi. Wani tsoho ɗan I ya ce masa wanda bai iya zura zare a allura ba ba ya korar tela. Haka suka yini, tuwo na hucewa.

Na rasa abin da zan aiko maka na murna. Dabino da tasbaha kowa na kaiwa. Sai na yanko farin yadi mai kauri, muka wanke shi da zamzam ni da Garba, muka shanya a kan tsakuwar Harami yadda kowa ke yi a nan. Likkafani ne, naka ne. A garin nan babu kyautar da ta fi shi, mutanen Jawa da na Hindu har rububinsa suke yi.

Garba ya so ya zame. Wai in ba wani, wai yanzu kai da shi ko a jana'iza kuka haɗu kowa gefensa yake kamawa. Na ce ku da aka yi wa kaciya rana ɗaya, kuka yi jinya a bukka ɗaya? Na ja shi har inda ake ganin Ɗakin Allah, na ɗora masa ƙunshin a hannu, na sa ya ɗauki alkawari zai miƙa maka hannu da hannu, a gaban mutane, don a san kana da uwa a Makka. Na san in kun tsaya ido da ido dole a gaisa. Ya tashi da wuri ta jirgin Kano, ni kuwa ban samu sukunin zama gaban Malam ba sai yanzu, shi ya sa takarda ta biyo baya.

Ka ajiye shi inda za ka riƙa ganinsa. Wanda ya hau kujera ya kamata ya san ƙasa na jiransa. Malam ya ce kada a sa wannan, na ce ni ke magana.

Gwaggonka, Baraka.

Garin Baushe, Agusta 1959

Zuwa ga Gwaggo Hajiya Baraka.

Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, ina fatan an sauke aikin bana lafiya. Mu muna lafiya, damina ta yi kyau, sai dai Sa'adiya ta ɗan kwanta, kuma dalilin kwanciyarta shi ne dalilin takardar nan.

Tun da alhazai suka dawo ban samu wasiƙa daga gare ki ba. Abin da na samu shi ne wannan. Ranar kasuwa wakilin jam'iyyarmu ya zo daga Yamai, zaurena cike da mutane, ga makaɗa a ƙofa. Kafin nan da kaɗan an ƙona rumbun wani mai gari da ya tara wa sabuwar gwamnati lanho, wato haraji, don haka kowa a tsorace yake. Ana cikin haka Garba ya yi sallama, shi da rabonsa da ƙofar gidana tun kafin ƙuri'a. Ya ratso mutane, ya miƙo mini ƙunshi, ya ce amana ce daga Makka. Kafin in karɓa wani ɗan jam'iyya ya fizge ya kwance. Farin yadi ya warware har ƙasa, an yayyanka shi yadda ake yanka na gawa, yana ƙanshin kafur. Makaɗa suka tsaya. Wani daga baya ya ce, "Sakatare, 'yan A'a sun riga sun auna ka."

Gardi suka fitar da shi da ƙyar daga hannun mutane. Yanzu yana kulle a kaso, ana cewa barazanar kisa ya kawo wa ma'aikacin gwamnati a gaban wakili. Abu ɗaya yake ta maimaitawa, wai ke kika ba shi. Babu wanda ya yarda. Suna cewa wace uwa ce za ta aika wa ɗanta mai ƙarfi a jiki da likkafani, bai roƙa ba, bai yi ciwo ba.

In ƙarya yake yi, ya ja sunanki cikin ƙazanta. In kuwa ke ce, Gwaggo, me na yi miki?

Ɗanki, Mukhtaru.

Utaibiyya, watan Mauludi

Ɗana Mukhtaru,

Ina gaishe ka, a duba mini Sa'adiya, Allah ya ba ta lafiya. Kada ka tambayi tawa. Tun da Malam ya karanta mini takardarka ban sake fita da farantin gyaɗa ba. Matan gida suna tambaya ko zazzaɓi ne, ina cewa e.

Ni ce. Garba bai ƙara ba, bai rage ba. Ina zaton zuwa yanzu takardata ta farko ta iso ka, ka ji komai daga bakina. Ba ka yi mini komai ba, ɗan nan, me za ka yi mini daga wannan nisa?

Bari in faɗa maka yadda abin yake a nan, ko ka ga inda na yi tuntuɓe. Da muka iso Makka, Rabe bai sa wa ɗakinmu ƙyaure ba sai da ya sayi likkafaninsa ya wanke. Buhu muka rataya a ƙofa har aka yi sanyi aka gama. Kullum Juma'a sai ya ciro shi ya kakkaɓe, yana cewa ga rigarsa ta Salla. Da ya rasu a ciki aka kai shi maƙabartar Ma'ala. Nawa yana nan ƙarƙashin matashina, in na yi baƙuwa har nuna mata nake yi kamar sabon zane. A nan aboki yana ba aboki, ɗa yana ba uba, a yi godiya, a sha shayi. Na zauna cikin wannan har na manta cewa a gida ba a ba mai rai likkafani sai ya nema da bakinsa. Na san haka da, wallahi na sani. Uwata ko farin ƙyalle ta gani a kan igiya da magariba sai ta sa an cire. Ya aka yi na manta? Shekaru suka cinye mini.

Ba mantuwar ce ta fi ci mini rai ba. Yaron nan ya faɗa mini. Ya ce, "Gwaggo, garin ba yadda kika bar shi yake ba." Na yi masa dariya, na ce siyasar yara ce, ba ta wuce faɗan dambe na bayan girbi ba. Kuma da na ce ya kai maka a ɗaki, ku biyu, da yanzu ko zagin juna kuka yi ya wuce. Amma na ce a gaban mutane. Don me? Don a ce Baraka tana Makka, ɗanta na gwamnati. Sai na ɗaure shi da alkawari a wurin da na san ba zai iya kwancewa ba. Ya san abin da zai tarar, ya tafi.

Yanzu ka ɗauki takardun nan biyu ka kai wa kumandan, ko wakilin, ko wane ne ke riƙe da makulli. Ka ce tsohuwa ce ta yi wauta. In suna son wanda za su kulle, ga ni a Utaibiyya, kusa da mai gasa burodi, kowa ya san ni. Shatu matar Garba fa, wa ke duba ta da yara? Goronsa in ba a yayyafa masa ruwa ana juyawa ruɓewa zai yi.

Ka ba ni amsa da wuri. Ina zuwa Harami in zauna daga nesa, ban iya matsawa kusa da inda na tsayar da shi.

Baraka.

Garin Baushe, Oktoba 1959

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Sa'adiya ta tashi, tana gaishe ki. Takardunki biyu sun iso kusan tare. Na yarda da ke, kuma hankalina ya kwanta ta wajenki. Ta wajen Garba kuwa bai kwanta ba.

Ban kai su ba. Ki saurare ni kafin ki yi fushi. A watan nan an hana jam'iyyar su Garba gaba ɗaya, ko sunanta ba a kira a kasuwa. Takardarki ta farko tana cewa kin ciyar da 'yan A'a, Garba ya yi maganar korar Nasara a tantinki, shi ya taya ki wanki, sannan kika rufe da cewa ƙasa na jiran wanda ya hau kujera. Ni na san wa'azin uwa ne. Waɗanda za su karanta ba haka za su ji shi ba. Za su ce abin ma daga Makka aka shirya shi, kuma gidan sakatare kansa ya jiƙe.

Ba ki san yadda muke ba. Mu da muka yi lakwal, karatun boko, a duk yankin nan ba mu cika tabarma biyu ba, kuma rabinmu suna can gefen. Lanho ba ya shigowa, talaka yana cewa in mun samu kanmu, wa zai biya kuma? An tuɓe masu gari an naɗa waɗansu, waɗanda aka tuɓe suna da dangi. Yamai na son a nuna gwamnati na da ƙarfi, Nasara na kallo ya ga ko za mu faɗi. Duk mai ɗan'uwa ɗan A'a ana duban bakinsa. Ni kuwa kowa ya san da wa na tashi.

Na aika wa Shatu hatsi a ɓoye, ta mayar da shi a kan jaki da rana tsaka, ta ce a gaya wa sakatare ba su fara bara ba tukuna.

Ki ba ni lokaci abin ya lafa. Akwai maganar za a kwashe waɗanda ke kaso a kai su arewa bayan girbi, amma ina ƙoƙari kada sunansa ya shiga.

Mukhtaru.

Utaibiyya, Jimada ta fari

Mukhtaru,

Ina gaishe ka da iyali. Ina nan da rai.

Na ji duk abin da ka faɗa, kuma ban ce ƙarya kake yi ba. Kaya ne mai nauyi kuka ɗauka, ga shi ba ku da yawa. Amma bayan girbi ka ce, ni kuwa ko daga nan na san gero ya riga ya shiga rumbu. Na san arewar nan. An kai wani ƙanen uwata zamanin aikin tilas, ko takalminsa bai dawo ba.

Jiya aka yi suna a gidan Wada mai ɗinki, duk mutanen ƙasarmu na Makka suna nan, har waɗanda aka haifa a nan da Hausarsu ta karye. Da aka gama cin shinkafa na tashi a tsakiyar mata, da murya yadda maza za su ji ta bayan labule, na faɗi abin da na yi tun daga yadi har zuwa kaso. Rumasa'u, wadda muka ƙetare teku a kwale-kwale ɗaya, ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa jin an yi wa mutum barka da kafur ba. Aka yi dariya kaɗan. Babu wanda ya zage ni. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga nan na wuce wurin Malam Lurwanu. Na sa ya rubuta wa limamin Garin Baushe abin da ya faru, a fili, ba wa'azi, ba karin magana. Mutawwifin da ya riƙe alhazanmu ya buga hatiminsa, don a gabansa muka shanya yadin. Na roƙi liman ya karanta ran Juma'a bayan an sallame, kowa ya ji, ɗan I da ɗan A'a.

Na san wannan zai taɓa ka. Za a ce ka sani ka yi shiru. Na juya abin ta kowane gefe ban ga hanyar da zan fid da ɗaya ba tare da na ƙona ɗayan ba, kuma ku biyun ni na jefa ku. Amma kai kujera za ka rasa. Shi ya sa na ce Malam ya fara jefa taka a gidan waya, ta liman ta biyo bayanta. Abin da za ka yi da ratar da ke tsakani, naka ne.

Ba baki nake yi maka ba. Ina sa ka a addu'a kamar kullum, sai dai yanzu kaina a ƙasa.

Gwaggonka.

Garin Baushe, Disamba 1959

Gwaggo,

Ina gaishe ki, muna lafiya.

Taki ta riga ta liman, kamar yadda kika shirya. Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Ran Juma'a, da aka sallame, na ga liman ya sa hannu a aljihu, sai na miƙe kafin ya ciro. Na ce, "Jama'a, likkafanin nan gwaggona ce ta aiko mini, kyauta ce irin ta mutanen Makka. Garba amana ya kawo. Na san haka tun watan jiya da wanda ya gabace shi, na yi shiru don tsoro." Sannan liman ya karanta taki. Wani tsohon alhaji ya tashi ya ce shi ma yana da irinsa a akwati, bai dai taɓa faɗa ba.

An saki Garba. Motar arewa ta tafi da sauran. Ni kuma an ce aiki na jirana can wajen masu haƙar gishiri, komi kamar da, zan tashi ƙarshen watan gobe. Sa'adiya za ta zauna wurin iyayenta tukuna.

Ya rame sosai, yana tari. Rumfarsa a rufe take, goron an zubar. Na tsaya a bakin hanya ran da ya fito, Shatu na riƙe da hannunsa. Na yi masa sannu. Ya dube ni, ya wuce. Tun daga nan bai fito ƙofar gida ba.

Mukhtaru.

Utaibiyya, ƙarshen Jimada ta biyu

Ɗana,

Ina gaishe ka. Alhamdu lillahi da ya fito. Kai kuma Allah ya yi maka albarka da ka miƙe da ƙafarka, ya sa gishirin nan ya zame maka alheri. Ka tafi da bargo, an ce sanyin can ba ya wasa. Fushin da ka yi da ni ka yi daidai, in da saura ka ƙarasa shi.

Na zauna gaban Malam don in yi wa Garba takarda, ya jiƙa alƙalami, ya jira, har tawada ta bushe. Daga gaisuwa ban iya wucewa ba. Kuma na ga ba ni da hurumin in sake tura masa wani abu gida bai nema ba.

Saboda haka kafin ka hau mota ka je gidansa da kanka. Kada ka aika, kada ka tafi da kowa. In Shatu ta bar ka a tsaye a waje, ka tsaya. Ka ce Baraka ce ke tambaya ko zai yarda ta rubuto masa. Duk abin da ya ce, ka rubuto mini shi yadda ya fito daga bakinsa, kada ka gyara mini.

Baraka.